Yadda Za Ka Gane Kwarin da Miƙewar Ƙasa Ta Haifar, Daga Akwatin Yashi Zuwa Kwarin Binuwai

Duk wanda ya bi hanyar Bauchi zuwa Gombe idonsa a buɗe zai lura cewa ƙasa tana sauya kama a tsakiyar tafiya. A kewayen Bauchi manyan duwatsu masu sulɓi ne suke tsaye, irin waɗanda ake fasawa a yi tsakuwar gini, amma da an doshi Alkaleri sai su ɓace, jan yashi da farar laka su karɓe wurin. Dutsen nan da ya ɓace bai ƙare ba, nutsewa ya yi, kuma a wasu sassan kwarin Gongola sai an haƙa kilomita da yawa kafin a sake taɓa shi. Yawancin ɗaliban da na koyar sukan ɗauka cewa kogi ne ya zaizaye wurin har ya zama kwari. Wannan ita ce fahimtar da ya kamata ka fara ajiyewa, domin kogin Gongola da na Binuwai tarar da kwarin suka yi. Ƙasa ce aka ja ta miƙe, ta tsage, ta sirance, sannan ta lotsa, koguna kuma suka riƙa zuba mata yashi da laka tana ci gaba da lotsawa. Hanyar da zan shimfiɗa a nan ita ce wadda na ga tana sa mutum ya fahimci wannan da hannunsa, ya tabbatar da shi da lissafi, sannan ya fita ya karanta shi a jikin dutse.

Kafin ka taɓa komai, ka riƙe abubuwa uku game da ƙasar da kake takawa. Ɓawon duniya a ƙarƙashin nahiyoyi kaurinsa yakan kai kilomita 35 a matsakaici, kuma yana zaune ne a kan wani dutse mafi nauyi da zafi wanda za mu kira ɓargon duniya. Saman ɓawon, wato kilomita 10 zuwa 15 na farko, sanyi gare shi, saboda haka idan aka ja shi karyewa yake yi kamar busasshiyar tukunya. Ƙasan ɓawon kuwa zafi ya tausasa shi, idan aka ja shi a hankali miƙewa yake yi kamar alewar da ake ja. Wurin da dutse ya karye har ɓangare ɗaya ya zame ya bar ɗan'uwansa shi ake kira tsagar ƙasa, kuma manyan tsagogi sukan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Dutsen da ke ƙarƙashin komai, irin na Bauchi, shi ne dutsen tushe. Wanda ya samu daga yashi da laka da suka kwanta hawa-hawa shi ne dutsen shimfiɗa.

Gwajin farko na akwatin yashi ne, kuma a nan nake so ka fi daɗewa, domin wanda ya yi shi da kyau ya riga ya ga rabin darasin. Ka sa kafinta ya haɗa maka akwati mai tsawon santimita 60 da faɗin 30, gefe ɗaya na gilashi, bango ɗaya na ƙarshe kuma ya zama mai motsi, ana iya jawo shi baya. Ka yanko kwali mai ƙwari ka kwantar a gindin akwatin, ka manne shi da bangon nan mai motsi, bakinsa ya tsaya a tsakiyar akwatin. Sai ka sami yashi busasshe, ka tankaɗe shi da rariya, ka zuba shi a hankali har ya kai santimita bakwai ko takwas, kana barbaɗa garin gawayi ko toka a bayan kowane santimita ɗaya domin layuka su fito a jikin gilashin. Dole yashin ya bushe sarai. Dalili shi ne dutse mai kaurin kilomita goma ba ya iya riƙe nauyin kansa idan aka ja shi, kuma busasshen yashi ne yake kwaikwayon wannan rauni a ƙaramin ma'auni. Jiƙaƙƙen yashi zai dare ne kawai ya bar rami a tsaye, abin da ba ya faruwa a zurfin ƙasa.

Yanzu ka ja bangon a hankali, santimita ɗaya a cikin minti guda ko fiye, idonka a kan gilashin. A daidai bakin kwalin za ka ga layukan gawayin sun yanke, tsagogi biyu sun taso daga ƙasa suna buɗewa sama kamar bakin mazurari, yashin da ke tsakaninsu kuma ya sauka. Ka ɗora ma'aunin kusurwa a kan gilashin, za ka tarar tsagogin sun karkata da kusan digiri 60, kuma wannan ita ce karkatar da ake yawan samu a tsagogin da ja ya haifar a duwatsu na gaske. Tubalin da ya sauka tsakanin tsagogi biyu masana suna kiransa giraben, kalmar Jamusanci mai nufin rami. Kada ka tsaya a nan. Bayan kowane santimita ɗaya na ja, ka cike ramin da yashi mai wata kala har ya yi daidai da saman, sannan ka sake ja. Wannan cikewar ita ce aikin koguna. Bayan zagaye biyar ko shida za ka ga cewa tsaga ɗaya ta fi sauran aiki, sabon yashin ya fi kauri a wajenta, kuma shimfiɗun farko sun fi na baya karkata. Kwarin da babbar tsaga ɗaya take riƙe da shi ta gefe guda, ɗaya gefen kuma yana gangarowa a hankali, shi ne rabin giraben, kuma shi ya fi yawa a duniya. Tafkin Tanganyika na gabashin Afirka, mai zurfin kusan mita 1,470, jerin irin waɗannan ne da suka haɗu. Abin da za ka ɗauka daga akwatin zuwa daji shi ne wannan: shimfiɗar da ta yi kauri tana dosar tsaga ta kwanta ne a lokacin da tsagar take motsi, kuma da ita ake sanin shekarun motsin.

Akwai tambayar da akwatin ba zai amsa ba, wato me ya sa ramin yake iya kai kilomita goma ba tare da ya cika ya tsaya ba. Amsar tana cikin lissafi mai sauƙi, kuma ina ba ka shawara ka yi shi da alƙalami. Ɓawon duniya yana yawo ne a kan ɓargo kamar gungumen itace a ruwa: mai kauri yana tasowa sama, siriri yana zama ƙasa. Nauyin ɓawon kusan giram 2.8 ne a kowane ɗan curi mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, na ɓargo kuma 3.3. Ka ɗauka an ja ɓawo mai kilomita 35 har faɗinsa ya ninka biyu. Kaurinsa zai koma 17.5, wato an rasa 17.5. Ka ninka wannan da bambancin nauyin ɓargo da ɓawo, wato 0.5, ka sami 8.75. Sai ka raba 8.75 da bambancin nauyin ɓargo da na abin da ya cike ramin. Idan ruwa ne, mai nauyin 1.0, bambancin 2.3 ne, zurfin kuma zai zama kilomita 3.8. Idan kuwa yashi da laka ne da suka danne suka zama dutse mai nauyin 2.5, bambancin 0.8 ne kawai, zurfin ya kusa kilomita 11. Ka duba yadda kayan da aka zuba suka kusa ninka zurfin sau uku. Kwarin yana karɓar kaya, kayan suna danna shi, dannawar tana ƙara masa wuri. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ce kwarin Termit na gabashin Nijar da kwarin Muglad na Sudan suna ɗauke da shimfiɗun da suka haura kilomita goma, alhali samansu fili ne shimfiɗaɗɗe.

Wannan zurfin ba a samunsa a lokaci ɗaya, kuma a nan ne aikin Dan Makenzi na jami'ar Kambirij, wanda ya wallafa a 1978, ya zama ginshiƙi. Ya nuna cewa lotsawar mataki biyu ce. A mataki na farko, lokacin da ake ja, tsagogi suna aiki kuma ƙasa tana sauka da sauri a ƙananan ramuka masu zurfi. Amma da yake farantin ƙasa, wato ɓawon haɗe da saman ɓargo mai sanyi, ya sirance, ɓargo mai zafi yana tasowa ya cike gurbin, zafinsa kuma yana tallafe wurin ya hana shi sauka gaba ɗaya. Idan ja ya tsaya sai mataki na biyu ya fara: ɓargon ya huce, ya tsuke, ya ƙara nauyi, ƙasa ta ci gaba da sauka a hankali ba tare da tsaga ta motsa ba, a fili mai faɗi fiye da ramukan farko. Kusan kashi biyu cikin uku na wannan saukar yana faruwa a cikin shekara miliyan 60 na farko. Idan aka zana kwarin a yanke, siffarsa takan yi kama da kan bijimi: fuskar ita ce ramin tsagogi, ƙahonnin kuma su ne shimfiɗun baya da suka bazu hagu da dama. Kwarin Tafkin Cadi misali ne da ke kusa da mu, domin yashi da lakar da rijiyoyin burtsatse na Barno suke samun ruwa a cikinsu mayafi ne mai faɗi da ya lulluɓe tsofaffin ramuka irin na Termit.

Gwaji na biyu gajere ne, amma idan babu shi ba za ka fahimci kwarin Binuwai ba, domin ba kowace tsaga ce take buɗewa kai tsaye ba. Wasu manyan tsagogin gogar juna suke yi gefe da gefe. Ka sami falanki, ka ja layi daga ƙarshen da ke wajenka zuwa tsakiya, ka karya layin zuwa hagu da santimita biyar, sannan ka ci gaba miƙe har ɗaya ƙarshen. A yanka falankin bisa layin, ka mayar da ɓangarorin biyu su haɗu, ka shafe samansu da yumɓu mai laushi kaurin santimita uku. Ka tura na dama gaba, ka jawo na hagu wajenka. A daidai inda layin ya karya, yumɓun zai lotsa ya ba da rami mai kusurwa huɗu a karkace, gajere amma mai zurfi. Idan ka juya motsin, wurin nan da ya lotsa shi ne zai tattare ya yi tudu. Mataccen Teku na Gabas ta Tsakiya irin wannan rami ne: yana kan tsagar da gefenta biyu suka goce wa juna da kusan kilomita 105, kuma saman ruwansa yana ƙasa da na teku da kusan mita 430.

Da waɗannan siffofi biyu a kanka, ka buɗe taswirar duwatsun Najeriya, irin wadda hukumar binciken duwatsu ta ƙasa take bugawa, ka ajiye ta Afirka a gefe. Ka nemo ɗamarar shimfiɗun zamanin Kiretashiyos, wato zamanin da ya ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, da ta taso daga bakin Neja Delta ta nufi arewa maso gabas, tsawonta kusan kilomita 1,000. A samanta ta rabu biyu: reshe ɗaya ya bi Gongola ya nufi arewa wajen kwarin Cadi, ɗaya ya bi Yola ya shiga Kamaru wajen Garwa. Sannan ka dubi gaɓar tekun Gini ka kwatanta ta da kafaɗar Barazil, za ka ga inda suka rabu. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka da Amurka ta Kudu suke ɓallewa daga juna, manyan tsagogin da suka yanka sabon tekun sun shigo cikin nahiyar, suka bi tsofaffin layukan rauni na dutsen tushe. A kwarin Binuwai gogayyar gefe ta haɗu da ja, saboda haka maimakon rami ɗaya dogo sai aka sami jerin ƙananan ramuka da tuddan tushe a tsakaninsu, kamar waɗanda suka leƙo a Kaltungo da gefen garin Gombe. Wani babban layin gogayya ya ratsa daga Kamaru ta kudancin Cadi zuwa Sudan, a kansa kwarin Doba da Doseo da Salamat suke, a ƙarshensa kuma Muglad ya buɗe kai tsaye, kamar yadda Termit ya buɗe a Nijar. Ƙa'idar karanta taswirar ita ce ka dubi alƙiblar kwarin: wanda ya kwanta daidai da layin gogayya yakan zama siriri mai rarrabuwa, wanda ya gitta layin yakan fi faɗi. Binuwai bai kai ga zama teku ba. Ja ya koma can inda Atilantika ta buɗe, shi kuma ya tsaya a rabin hanya.

Sai fita daji, kuma jihar Gombe ta ishe ka makaranta. Ka tafi da guduma, da kamfas, da littafin rubutu, da ƙaramar kwalbar ruwan asid mai rauni domin gwada farar ƙasa, kuma ka fara gaida mai unguwa ko dagaci kafin ka shiga gonar mutane kana ƙwanƙwasa dutse. Ka bi shimfiɗun daga ƙasa zuwa sama, domin haka tarihin ya jeru. Mafi tsufa shi ne dutsen yashi na Bima, wanda ya ɗauki sunansa daga Dutsen Bima, kuma a wajen Lamurde kaurinsa ya wuce mita 3,000. A gindinsa, kusa da tsagogi, ka nemi manyan ɓarɓashin dutse masu kaifi da suka cakuɗe da yashi ba tsari. Kaifinsu yana gaya maka cewa ba su yi tafiya mai nisa ba, daga bangon tsaga suka faɗo. Idan ka yi nesa da tsagar kuma ƙwayoyin suka ƙanƙance har ka fara ganin baƙar laka ta tafki, to kana tsaye ne a cikin hoton da ka gani a jikin gilashi. Wannan shi ne mataki na farko na lotsawar. A saman Bima akwai shimfiɗar Yolde, inda kogi ya fara haɗuwa da gaɓar teku, sannan ta Pindiga, baƙar laka da farar ƙasa na teku sosai. Farar ƙasar da ake haƙa a Ashaka domin siminti daga nan take, kuma a cikinta ana samun bawon halittun teku masu naɗi kamar ƙahon rago. Ni dai ban taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu ba tare da jikina ya yi sanyi ba, domin shaida ce a tafin hannu cewa kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce ruwan teku ya ratsa wannan ƙasa, ya haɗa tekun Gini da wanda ke arewacin Sahara. Tekun ya sami hanya ne domin ƙasa tana hucewa tana sauka, ga kuma ruwan tekunan duniya ya yi sama a wancan zamani. Daga baya ya janye, shimfiɗar Gombe ta kwanta a bakin ruwa da fadamu, kuma kwal ɗin Maiganga ragowar itatuwan fadamun nan ne.

A kowane wuri ka auna karkatar shimfiɗa ka rubuta, domin za ka ci karo da abin da zai iya ruɗa ka: duwatsun kwarin da ja ya haifar sun lanƙwashe kamar an matse su. An matse su ɗin ne. Kimanin shekara miliyan 85 da suka wuce alƙiblar tafiyar farantan ƙasa ta sauya, aka sake wata matsar wajen ƙarshen zamanin Kiretashiyos, tsagogin da suka buɗe kwarin suka juya, kamar yadda yumɓunka ya yi tudu da ka juya falankin. Babban lanƙwason Lamurde daga nan ya fito. Jan yashin Kerikeri da ka fara gani a Alkaleri ya zo ne bayan an gama wannan, shi ya sa yake kwance kusan a miƙe a kan shimfiɗun da suka karkace. Inda ka sami mahaɗar su biyun, ka zauna ka zana ta da kyau.

Kada kuma ka ɗauki kowane fili mai dutsen shimfiɗa a matsayin kwarin tsaga. A Sakkwato akwai farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, akwai ragowar halittun teku, amma shimfiɗun can sirara ne idan aka kwatanta da na Gongola, suna gangarawa a hankali ƙwarai zuwa arewa maso yamma cikin Nijar, kuma ba su lanƙwashe ba. Wancan kwari ne mai siffar faranti da ya lotsa a hankali. Alamomin da za su raba maka su ne saurin sauyin kauri a ɗan taƙaitaccen wuri, ɓarɓashi mai kaifi a bakin kwari, da dutsen aman wuta da ya kutsa cikin shimfiɗu. Ruwan gishirin da matan Awe da Keana suka daɗe suna dafawa, da dalmar da ake haƙa a Zurak da Abakaliki, su ma ta hanyar tsagogin kwarin Binuwai suka taso.

Tambayar da kowa yake yi a ƙarshe ita ce ta man fetur, kuma tana da tushe. Baƙar lakar tafki da ta teku tana ɗauke da ragowar halittu, zafin ƙasa kuma yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a kowane kilomita, saboda haka lakar da aka binne kilomita biyu zuwa huɗu takan dahu ta ba da mai, yashin da ke kusa ya sha shi, tubalan da suka karkata a jikin tsagogi su tare shi. Da haka Sudan ta fara fitar da man Muglad a 1999, Cadi ta fara tura na Doba ta bututu zuwa Kiribi a 2003, Nijar ta fara tace na Agadem a matatar Damagaram a 2011, kamfanin mai na Najeriya kuma ya sanar da gano mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a 2019. Amma zurfin kwari shi kaɗai ba ya tabbatar da komai, kuma ina ganin bai dace malami ya bar ɗalibi da wannan zato ba. Matsar da ta lanƙwasa Binuwai tana iya gina tarkon da zai tare mai, tana kuma iya fasa wanda ya riga ya cika, dutsen aman wuta kuma yana iya ƙona lakar har ta wuce mai ta koma iskar gas. Saboda haka idan ka dawo daga daji, ka jera abin da ka gani a takarda ɗaya bisa lokaci: yaushe tsaga ta motsa, yaushe baƙar laka ta kwanta, yaushe aka binne ta har ta yi zafi, yaushe aka lanƙwasa duwatsun. Ka ja layi tsakanin na uku da na huɗu ka ga wanne ya riga wani a wurin da ka auna, sannan ka koma akwatin yashinka, ka tura bangon ciki maimakon ka ja shi, ka kalli abin da zai sami shimfiɗun da ka zuba.